Darasi na Tara: Shirin Zama Ƙwararren Mai Ɗaukar Hoto

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin wuraren da mai ɗaukar hoto zai samu aiki a Kurfi da kewaye;
2. bayyana yadda haske ke gyara hoto ko ya ɓata shi;
3. lissafa kayan aikin farko da yadda ake kula da su;
4. fitar da riba daga kuɗin aiki;
5. bayyana amanar da ke wuyan mai wannan sana'a.

Gabatarwa

A gidaje da yawa akwai wani tsohon hoto da ake ɓoyewa a ƙasan akwati, ko a rataye shi a bangon ɗaki. Wataƙila na kaka ne ranar da ya dawo daga Makka, ko na mahaifi yana saurayi, riƙe da sabon kekensa. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, wanda ya ɗauki hoton ma an manta sunansa, amma jikoki suna kallon fuskar kakansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan shi ne aikin mai ɗaukar hoto: ya tsayar da rana guda domin waɗanda ba su zo duniya ba tukuna.

Yau kusan kowane matashi yana da waya mai kyamara. Don haka dole mai son wannan sana'a ya tambayi kansa: me zai sa a biya ni kuɗi a kan abin da kowa ke yi kyauta? Amsar tana cikin abubuwa uku da ba a sayar da su tare da waya: ido mai gane haske, lissafi, da amana. A kansu wannan darasi ya ginu.

Taƙaitaccen tarihi

Tun wajen shekara dubu da ta wuce, malamin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kowace kyamara irin wannan ɗaki ce, an dai ƙanƙanta ta. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Faransa, ta kama sura a kan farantin ƙarfe. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda mutum zai iya riƙewa a hannu. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Kamfanin bai yi saurin bin sabon yayin ba, har a 2012 ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari. Akwai darasi a nan ga ƙaramin mai shago ma: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Wanda ya fi dacewa mu yi koyi da shi shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2001. Kafinta ne tun asali. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, kuma zanen gadonsa ne ya fara ratayawa a bayan masu zuwa ɗaukar hoto. Saboda tsadar fim, sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum, don haka sai ya gyara zamansa da ɗaurin kallabi da inda hannu zai sauka kafin ya danna. Ya kuma adana fina-finansa da kyau. Bayan shekaru, a 1994, aka baje kolin hotunansa a Faris, duniya ta san shi. A Nijeriya kuma, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar nau'o'in kitson mata a 1968, ya tara wajen hoto dubu. Dukansu biyu abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka, suka kyautata shi, suka adana.

Ina aikin yake?

Kurfi tana tsakanin Katsina da Dutsin-Ma, kuma wannan matsayi alheri ne ga mai sana'a. Ga hanyoyin samu:

Hoton fasfo. Shi ne tuwon yau da kullum. Ɗalibai masu rajistar WAEC da NECO, maniyyata aikin Hajji, masu neman aiki, masu buɗe asusun banki, duk suna bukatarsa. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Lokacin rajistar sababbin ɗalibai da ranar yaye su, kaka ce ga mai hoto.

Bukukuwa. Ɗaurin aure, kamu, yinin biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta. Bayan an kawar da amfanin gona aure yakan yawaita, a garin Kurfi da Birchi da Rawayau da Tsauri da Wurma da Barkiya.

Sallah. Yara da manya sun sha sabon ɗinki, kowa na son a ɗauke shi. Ga hawan Sallah a birnin Katsina, inda hakimai irin su Maraɗin Katsina na Kurfi da 'Yanɗakan Katsina na Dutsin-Ma suke da gurbi a jerin mahaya.

Kasuwanci. Mai ɗinki, mai turaren wuta, mai sayar da raguna, duk suna tallata hajarsu a WhatsApp da Facebook, kuma hoto mai kyau yana ɗaga darajar kaya.

Labarai da hukumomi. Jaridu da ƙungiyoyi da ofisoshin gwamnati suna neman hotuna. Bayo Omoboriowo ya yi aiki a matsayin mai ɗaukar hoton tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari. Sani Maikatanga na Kano ya yi suna da hotunan al'adunmu da rayuwar jama'a.

Mata su lura da wannan: akwai ƙofar da namiji ba zai shiga ba. Ranar sa lalle da kamu, a cikin gida, iyalai da yawa sun fi sakin jiki da mace. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, daga baya ta ɗauki kyamara tana nuna wa duniya yadda mutanen Borno ke ci gaba da rayuwarsu duk da tashin hankali. Aisha Augie ma da ɗaukar hoto ta yi fice. Macen da ta iya wannan aiki a Kurfi ba za ta rasa masu kiranta ba.

Haske shi ne jari na farko

Kafin ka sayi komai, koyi kallon haske. Wannan karatu kyauta ne, kuma a tsakar gidanku za ka fara shi.

Da hantsi da kuma la'asar sakaliya, rana tana gefe, haskenta mai laushi ne, yana fito da kyan fuska. Da tsakar rana kuwa tana bisa kai, sai hula ko rawani su jefa inuwa a kan idanu, mutum ya yamutse fuska. Ɗaurin aure kuma sau da yawa a irin wannan lokaci ake yin sa, bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Maganin abin shi ne ka ja mutanenka zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, fuskokinsu na kallon inda haske ke shigowa.

Akwai matsalar da mai hoto a ƙasar Hausa zai riƙa haɗuwa da ita kullum: farar shadda da baƙar fata. Kyamara takan ga farin riga ya yi yawa, sai ta rage haske, rigar ta fito tas, fuskar ta yi duhu. Kai ne za ka umarce ta ta auna hasken da fuska, ko ka ƙara haske kaɗan da hannunka. Za ka iya kuma sa yaro ya riƙe farin kwali a gefe, ya mayar da haske kan fuskar. Kada ka bari a je wajen gyara a mayar da baƙin mutum fari. Launin da Allah ya ba shi shi ne kyansa, aikinka ka fito da shi yadda yake.

Abubuwa uku ke sarrafa haske a cikin kyamara:

Ƙofar haske. Rami ne a cikin gilashin kyamara, yana buɗewa yana tsukewa kamar ƙwayar ido. Ana rubuta shi da harafin f. Ƙaramar lamba, kamar f/1.8, tana nufin ƙofa a buɗe sosai: haske da yawa, mutum ya fito, bayansa ya dushe. Wannan ya dace da hoton amarya ita kaɗai. Babbar lamba, kamar f/8, tana sa na gaba da na baya su fito, don haka ita ake so a hoton dangi mai sahu uku.

Saurin ƙiftawa. Shi ne tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido. Ga wanda ke zaune, 1/125 na daƙiƙa ya isa. Ga dokin da ke sukuwa a Ƙofar Soro, sai ka kai wajen 1/1000, in ba haka ba hoton zai fito da jirwaye.

ISO. Shi ne ƙarfin jin haske. A fili da rana, 100 ya wadatar. A cikin ɗaki da dare ana ɗaga shi zuwa 1600 ko fiye, amma in ya yi yawa hoto yakan yi tsaki-tsaki.

Waɗannan uku kamar duwatsun murhu suke: in ka gusar da ɗaya, sai ka gyara sauran, tukunya ta zauna daidai.

Sai tsara hoto. Duba bayan mutum kafin ka duba fuskarsa, kada turken lantarki ya tsiro a kansa, ko bokitin wanki ya shigo gefe. In yaro za ka ɗauka, durƙusa ka daidaita da tsayinsa. Kada ka yanke mutum a gwiwa ko a wuyan hannu. A hoton taro, ɗauki uku ko huɗu a jere, domin ba a rasa mai ƙifta ido.

Kayan aiki

Fara da abin da ke hannunka. Wayar da kake riƙe da ita ta isa ka koyi haske da tsari na wata da watanni. In lokacin sayen kyamara ya yi, ta hannu mai lafiya, ƙirar Canon ko Nikon ko Sony, ta fi sabuwar da za ta jefa ka cikin bashi. Tafi da wanda ya san kan abin. Ku duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ku haska cikin gilashin ku ga ko akwai tabo ko hazo, ku gwada kowane maɓalli.

Bayan kyamara, ana bukatar gilashi mai lamba 50, wanda ba shi da tsada kuma yana aiki a wuri mai ƙarancin haske, batir biyu, katin memori biyu ko uku, fitilar kyamara, farin ƙyalle na hoton fasfo, da jaka mai rufi. Ƙaramin injin wanke hoto yana iya biyo baya in ciniki ya kankama. Kafin nan, kai wanki Dutsin-Ma ko Katsina.

Abokan gabar kyamara a wajenmu huɗu ne: ƙura, zafi, ruwan sama, da rashin wuta. Da hunturu kada ka cire gilashi a fili, shiga ɗaki ka juya bakin kyamarar ƙasa sannan ka canza. Kada ka goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, tana karce shi; hura ta da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa ƙyalle mai laushi. Da bazara kada ka bar kyamara cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur. Da damina, ajiye leda a jaka. Batir kuwa a cika shi tun da dare kafin ranar aiki, ko da a shagon caji ne ko da sola. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar koyo

Hanya mafi kusa ita ce ta iyaye da kakanni: ka zauna ƙarƙashin wanda ya riga ka. Nemi mai shagon hoto da aka sani da gaskiya, a kai ka wurinsa da shaidar manya, a yi magana a fili kan tsawon zama da abin da za a riƙa ba ka. Za ka fara da riƙe jaka da fitila da yanka fasfo. Kada ka raina wannan, a nan za ka ga yadda maigida ke lallashin dattijon da ba ya son murmushi, da yadda yake tsayar da dangi hamsin cikin minti biyu. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, tana da tsarin haɗa matasa da masu sana'a domin koyo.

Mai son zurfafa karatu zai iya neman sashen aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Gyaran hoto kuma ana farawa da Snapseed ko Lightroom a waya, sannan a wuce Photoshop a kwamfuta.

Duk inda ka koya, ɗauki hoto kowace rana. Je bakin Dam ɗin Zobe da asuba ka ɗauki masunta, je kasuwa ka ɗauki masu awo da izininsu. Daga cikin ɗaruruwa, zaɓi ashirin mafi kyau, su ne shaidarka ga mai son ba ka aiki.

Lissafi

Masu hoto da yawa sun iya aiki amma shago ya mutu, saboda sun ɗauki duk abin da ya shigo aljihu a matsayin riba. Ga misali, farashin zai iya bambanta da na kasuwarku. A ce an biya ka ₦40,000 aikin biki. Kuɗin mota ₦4,000, wanki da albam ₦15,000, yaron da ya taya ka ₦3,000, caji da data ₦2,000. An kashe ₦24,000, saura ₦16,000. Cire kashi ɗaya cikin huɗu, wato ₦4,000, ka ajiye wa kyamara, domin tana tsufa kuma wata rana za ta nemi magaji. Abin da ya rage, ₦12,000, shi ne ladan guminka.

Yi ciniki kafin ranar biki, a rubuce, ko da a saƙon waya ne: hoto nawa, albam ko babu, wace rana za a karɓa. Karɓi kafin alƙalami. Ga yadda za a faɗe shi cikin ladabi:

"Alhaji, ranka ya daɗe, za a ba da rabi yanzu domin wanki da mota, ragowar kuma ranar da na kawo albam."

"To, yaro, yaushe ke nan?"

"Mako biyu bayan biki, in Allah ya yarda."

In ka ce mako biyu, ya zama mako biyu. In sana'a ta kafu, yi wa sunan shagonka rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, domin makarantu da ƙungiyoyi sun fi ba mai rajista aiki.

Amana

Wannan sashe ya fi duk na baya nauyi. An shigar da kai cikin gida, ka ga matan mutane cikin kwalliya, ka ga abin da baƙo ba ya gani. Hotunan nan sirrin gida ne a hannunka. Kada ka sa hoton kowa a intanet don talla sai da yardarsa, in amarya ce har da yardar mijinta da iyayenta. Kada ka tura wa aboki, kada ka bar wayarka a hannun 'yan zaman shago. Hoto guda da ya fita ba bisa ƙa'ida ba yana iya kashe aure, kuma Kurfi gari ne da kowa ya san kowa.

Nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, akwai kuma mutanen da ba sa so a ɗauke su. In dattijo ya ɗaga hannu, sauke kyamara ka ce, "Baba, a yi haƙuri." Kada ka ɗauki yaro sai da sanin iyayensa, kada ka ɗauki gawa ko wanda ya yi haɗari don neman 'yan kallo. Yankinmu ya sha fama da matsalar tsaro, saboda haka a guji ɗaukar shingen jami'an tsaro, a guji wallafa abin da zai nuna dukiyar mutum ko inda yake kwana. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

Adana aiki ma amana ce. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa; in katin memori ya lalace, ba wanda zai sake tara maka jama'a. Da ka dawo gida, kwafe hotunan a wuri biyu kafin ka kwanta, kuma kada ka goge kati sai ka buɗe su ka gani da idonka. Rubuta suna da kwanan wata a kan kowane aiki. Bayan shekara ashirin, wani zai zo ya ce, "Mahaifina ya rasu, ko kana da hotonsa na ranar aurena?" Ranar za ka gane darajar abin da ka ajiye.

Kai ma kana da haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haɗa da hotuna. Kada ka ɗauki aikin wani ka ce naka ne, kuma in jarida ko ƙungiya na son naka, a yi yarjejeniya a ambaci sunanka.

Tambayoyi

1. Me ya sa fuska kan yi duhu in mutum ya sa farar shadda? Kawo magani biyu.
2. Wace ƙofar haske ta dace da hoton dangi mai sahu uku?
3. Faɗi abubuwa biyu da za mu koya daga Seydou Keïta.
4. An biya ka ₦25,000, ka kashe ₦13,000. Nawa za ka ajiye wa kyamara, nawa ne ladanka?
5. Abokin ango ya ce ka tura masa hotunan ƙawayen amarya. Me za ka ce masa?

Aikin gida

Nemi izinin mutum mafi tsufa a gidanku. Ɗauke shi sau uku a wuri guda: da hantsi, da tsakar rana, da la'asar. Zaɓi wanda ya fi kyau, ka zo aji ka faɗi dalili. Sannan ka wanke shi, ka rubuta sunansa da kwanan wata a baya, ka miƙa masa da hannu biyu.